Tsamin Mai Waina

A wani gari can da, an yi wata mai waina da ta gaji tsamin kullu daga kakarta. Kaɗan za ta zuba, kullu ya tashi, waina ta yi laushi.

Maƙwabta su zo su ce, "Yaya, a sam mana tsami."

Ta ce, "Wayyo, ya ƙare."

Gobe su dawo, ta ce, "Wayyo, ya ƙare."

Ran nan za ta gidan suna, ta ji tsoron kada a sace tsamin. Sai ta ɗora 'yar tukunyar a ka, ta naɗe da ɗankwali. Rana ta take tsaka, tsami ya kumbura. Tana cikin gaisuwa sai ga kumfa har hanci.

Mata suka ce, "Yaya, ashe bai ƙare ba!" Suka yo kanta da ludayi, kowace ta ɗebi rabonta. Ta zabura, tukunya ta faɗi ta fashe.

Ta kwana tana kukan gadon kaka. Da safe sai ga mata sun yi sallama, kowace da ƙoƙon tsami ya tashi fal.

Ta share hawaye ta ce, "To, wa zai ara mini tukunya?"