Jariran Jinin Barakatu

"Ba zan koma asibitin nan ba, Isyaku! Wallahi ba zan koma ba!"

Barakatu ta juya masa baya a zauren gidansu da ke Sabon Gari. Tun zazzaɓin damina jininta ya ƙi dawowa, tafin hannunta fari fat, ko tulu ba ta iya ɗauka. Ga shi an sa musu rana bayan Babbar Sallah.

"Haba sanyin idona..."

"Kullum a ɗebi jini, a ɗebi jini! Wancan zuwan ma cewa suka yi wuta ta ɗauke, jinin ya lalace!"

Isyaku ya dafe kai. Ya bar motarsa da lodin siminti a tasha, maigidansa sai aike yake yi. A gida kuma mahaifiyarsa ta hana shi sakat, wai ya haƙura da mai ciwo.

"Wannan gwajin ne zai raba gardama. Likita ya ce ɓargo ne ke haifar da jini. Jariran ƙwayoyin za su ƙirga, waɗanda ba su gama girma ba. In suna da yawa, ɓargon yana aiki."

"In babu fa?"



Da ƙyar ta yarda suka tafi Kano a motar haya. Suka wuni a kan benci kafin likitan ya kira su.

"Akwai su, amma kaɗan ne ƙwarai," in ji shi. "Ɓargon ya yi sanyi. Ku je ku shirya, za mu kwantar da ita a ƙara mata jini. Ba zan yi muku alkawari ba."

A hanyar komawa gida, suna hawa gadar Wudil ta juyo ta dube shi.

"Ka bi maganar Inna, Isyaku... ka nemi mai lafiya."

"Kin gama?"

"Ni ina tausayinka ne!"

"Riƙe abinki, ba na so!"

Suna sauka ya wuce wurin mahaifinta, Malam Maikano, ya durƙusa.

"Baba, a matso da ranar. Juma'ar nan nake so."

"Ka ji abin da likita ya faɗa kuwa, ɗana?"

"Na ji. Saurayi ba ya jinya, Baba. Miji ne ke yi."

Barakatu, da ke laɓe a bayan ƙyaure, ta fashe da kuka.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, mahaifiyarsa ko leƙowa ba ta yi ba. Washegari suka koma asibiti, kuma jinin farko da aka ƙara wa amarya daga hannun angonta aka ɗiba.