Daɓen da Ya Yi Gumi

Da hantsi rahoton ya iso komisariyar 'yan sanda ta Filinge: an tsinci gawar Kailu, mai riƙe da mabuɗin magazar iri, wato ɗakin ajiya, ta Tungar Haske, ƙarƙashin buhunan gero. Shekarar 1974 ce, fari ya gama da shanu ya koma kan mutane. Abin da ke cikin magazar nan shi ne irin da ƙauyen zai shuka in ruwa ya sauka.

Sufeto Magagi ya tarar da gawar yashe a bakin ƙofa, ƙuda na bin ta. Geron ciki ya ruɓe, wari ya cika wurin. Mutanen gari kuwa sun riga sun yanke hukunci: Kailu ya sayar da irinsu, ya cika buhuna da ruɓaɓɓe, Allah ya kama shi. Sun ce ba mai wanke shi, ba mai sallatarsa, a ja shi a tura rami. Magagi mutum ne mai zafin rai, abin ya ɓata masa ƙwarai. Ya ce duk wanda ya taɓa gawar zai kwana a kulle a Filinge.

Ya duƙa ya juya kan mamacin. Akwai rauni a ƙeya, siriri, mai zurfi. Buhu ba ya sara haka.

A ciki ya ja buhun ƙasa, ya ƙi tasowa, ya manne da daɓe. Ɗinkin bakin buhunan na asali ne, ba wanda ya kwance. Ashe geron nan a inda yake ya ruɓe.

Habsa, matar Kailu, tana zaune ita kaɗai, ko maƙwabciya ba ta leƙo ta ba.

"Mijinki ya taɓa kawo gero gida?"

"Dubi tukunyata, ranka shi daɗe. Ganye muke ci."

Ta ce tun watan jiya Kailu yake kukan daɓen magazar na gumi da safe, an yi masa dariya, wai gumi a wannan fari. Jiya ya ari diga, ya ce zai ga abin da ke ƙasa, kuma zai kira wanda ya yi ginin.

Maginin sunansa Sahabi, dattijo mai fara'a, kowa na gaishe shi. Ya yi wa Magagi bayani tiryan-tiryan: garin a cikin kwari yake, ruwa na kusa ko da sama ta ƙi, shi ya sa aka kawo baƙar leda mai kauri a shimfiɗa kafin a zuba siminti, don kada damshi ya hau.

"Ka shimfiɗa ta?"

"Da hannuna."

"Yaushe rabonka da Kailu?"

"Tun Juma'a."

Magagi ya nufi rijiya neman ruwan sha. Nan ya tsaya cak. Gugan da matan ke ja ba na fata ba ne, baƙar leda ce mai kauri aka ɗinke. Suka ce ai fatun tun bara aka gasa aka ci, Malam Sahabi ne ya yanko musu wannan kyauta, Allah shi saka masa.

Ya koma magazar, ya sa aka kira Sahabi da dattawan gari, aka kwashe buhunan kusurwa. Sai ga wani wuri a daɓen, faɗin faifai, simintinsa ɗanye, launinsa ya fi sauran duhu.

"Wa ke da siminti a garin nan?"

Duk suka dubi Sahabi.

Magagi ya karɓi diga ya fasa wurin da kansa, ya tura hannu ya damƙo jiƙaƙƙen yashi. Ko ƙyallen leda babu. Ya miƙa wa Sahabi yashin, shi kuwa ya zauna a kan buhu.

"Shekara nawa ba ruwa," ya ce a hankali. "Na ce wane damshi? Mata na kuka ba guga, ni in binne leda cikin ƙasa?"

Ya ce Kailu ya nuna masa ramin, ya rantse zai faɗa wa gari. Ya roƙe shi, ya ƙi. Da Kailu ya juya baya, sai shi ya ɗauki cebur ya sare shi a ƙeya. Daga nan ya liƙe ramin, ya turo buhuna kan gawar. Da gari ya fara zagin Kailu, shi ma ya taya su.

Aka sa masa ankwa, ɗan sanda ya tura shi cikin mota. Bai ɗaga kai ba.

Dattawan suka shiga kunya, suka aika a ɗebo ruwan wanka, liman ya fara neman likkafani. Sai ga Habsa ta taho, ta tsaya a kan gawar mijinta, idonta a bushe.

"Ku wanke shi," ta ce. "Amma wanda ya zage shi yau da safe, kada hannunsa shi taɓa shi."

Maza cike da fili, ba wanda ya iya matsowa, har liman ɗin. Magagi ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya cire hularsa ya ba direbansa, ya naɗe hannun riga, ya ce a miƙo masa ruwan.