Ramar Malam Kujera

A matakalar ofis ya fara ganinta, ranar da manaja ya kulle lif ya ce kowa ya motsa jini. Malam Kujera ake ce masa, don ba ya tashi daga gaban kwamfuta. Yana tsakiyar hawa yana haki sai ga sabuwar sakatariya, wadda aka ɗora wa shirin motsa jikin, ta miƙo masa ruwa.

"Sannu. Ƙirjin ne?"

Ƙirjin ne kuwa. Sai dai ya rasa ko benen ne ya jawo ko idanunta.

Daga ranar bai sake fashi ba. Ya bar lemon kwalba, yana zagaya farfajiya lokacin hutu. Amma akwai kocin da aka ɗauko, kullum suna ƙus-ƙus da ita suna kallonsa. Da abin ya ishe shi ya tura saƙo:

"Tauraruwata, in kocin ne a ranki, gaya min in koma kujerata."

Ta amsa: "Kai dai akwai rigima. Mijin yayata ne. Zancen hawan jininka muke. Sha ruwa, Jarumina."

Ashe rigimar tana gida. Da ya kai wa Umma maganar aure, wuyansa ta tsaya kallo.

"Tun ba a ɗaura ba ta tsotse min kai haka? Ba da yawuna ba."

"Umma, lafiya ce fa."

"Lafiya ta taɓa rage mutum?"

Kansa ya kulle. Likita ya ce ya ci gaba, Umma ta ce ya dawo yadda yake. Sai ya zama da safe yana hawa bene, da yamma yana cin kwano biyu don ta ga zahiri. Bai rame ba, bai cika ba, kowa na fushi da shi.

Wata safiya ya leƙo daga saman benen ofis. Umma ce a ƙasa. Maigadi ya ce zai buɗe mata lif, ta ce ba ta shiga akwati. Sakatariya, da ba ta san ta ba, ta karɓi jakarta.

"Dafa ni, Umma, a hankali."

Duk kwanar bene sai ta zaunar da ita, ta matsa mata gwiwa. Da suka iso Umma ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Nuna min wadda ke ramar min da ɗa."

Sakatariya ta dubi Malam Kujera da ke raɓe da bango, ta sunkuyar da kai.

"Ni ce, Umma."

Umma ta waiwaya. Ta leƙa benen, ita da rabonta da hawa bene tun yana goye.

"To," ta ce, "ke za ki saukar da ni."

Ranar ɗaurin aure ta haɗa hannuwansu ta yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a tagari. Sannan ta raɗa wa amarya, "Tumbin na yafe miki. Kumatun dai ki bar min."