Ranar da Baba Ya Zo Kallo

Baban Auta direban babbar mota ne. In ya tafi, sai a daɗe ba a gan shi ba. Kullum da yamma Auta takan zauna a bakin ƙofa. Da ta ji ƙarar mota sai ta miƙe, in ba shi ba ne ta koma ta zauna.

A makaranta an sa ta cikin masu gudun dogon zango. Malamar wasanni takan ce, "Ku fara a hankali. Ku ajiye ƙarfinku sai ƙarshe."

Ana gobe gasa, sai ga Baba. Auta ta ƙanƙame shi. Rigarsa tana warin man mota, amma ta ƙi sakin sa.

"Baba, za ka zo kallo?"

"Zan zo, Autata. Amma da la'asar zan koma hanya."

Washegari ta hango shi a jikin shingen fili. Ta ce a ranta, "Dole ya gan ni a gaba." Ana busa usur ta zura kamar an koro ta. Malama tana ta kira, "Rage gudu!" Auta ta yi kamar ba ta ji ba.

Ba a yi nisa ba numfashinta ya sarƙe. Ƙafafunta suka yi nauyi. Ta zube a gefen fili, yara suna ta wuce ta.

Baba ya zo ya ɗauke ta cak. Ta ɓoye fuska a kafaɗarsa tana kuka.

"So na yi ka gan ni a gaba. Ban san ranar da za ka sake zuwa ba."

Baba ya ce, "Ni ma ina kewarki a hanya. Amma in na taka mota da ƙarfi tun daga tasha, inji zai yi zafi, in maƙale a daji. Ina lallaɓawa ne don in iso gida."

Da la'asar ya tafi.

Auta ta fara gudu kowace safiya, kaɗan-kaɗan. Yayanta yana bin ta a keke yana tsokana: "Wai gudu ne wannan, ko aike aka yi miki?" Wani lokaci takan gaji, amma ba ta fasa ba.

Da wata gasar ta zo, Baba yana can nesa. Auta ta ji ba daɗi, amma ta fara a hankali. Masu gaggawa suka gaji, ta riƙa wuce su. Ta zo ta uku.

Mama ta miƙa mata waya. "Ga Babanki."

"Baba, na kai ƙarshe!" in ji Auta tana haki.

"Na ji ihun mutane har nan! Ina alfahari da ke."

Auta ta yi dariya. Ta gane cewa mai son kaiwa nesa sai ya yi haƙuri, ya tuna da ƙarshen tafiya tun daga farkonta.