Wadda Noboru Ya Goyo Daga Maƙabarta

Rana na shirin faɗuwa Fusae ta miƙa wa ƙaninta fitilar takarda. Ranar farko ce ta bikin dawowar matattu gida, ga shi gwiwoyinta sun ƙi hawan tudu.

"Bana kai za ka goyo Inna. Ka tsuguna gaban kabari, ka kai hannu baya, ka ce ta hau. Ko Tokyo ta mantar da kai?"

"Ban manta ba, Yaya."

"Ina za ka manta? Abin da ba a yi ba ma kana tunawa."

Noboru ya karɓi fitilar. Shekara biyu ke nan da fitowar littafinsa a kan uwarsu. A ciki, Inna doguwa ce mai warin kananzir, fuska kullum a ɗaure, mai kulle ɗanta a rumbun shinkafa. Manyan masana sun yaba masa, har a makarantu ana karantawa. Fusae kaɗai ta ce sau ɗaya aka kulle shi, shi ma don ya cinna wa tabarma wuta, kuma Inna a bakin ƙofar ta zauna tana kuka. Shi kuwa gogan cewa ya yi, haka ya gan ta. Amma a ransa ya san ya ƙara gishiri, kuma abin yana cinsa.

Hanyar ta bi ta tsakiyar gonakin shinkafa. Kwaɗi na ta kuka. A maƙabarta babu kowa, sai ƙamshin turaren waɗanda suka riga shi. Ya zuba wa dutsen kabarin ruwa, ya kunna fitila, ya tsuguna.

"Hau, Inna. Mu je gida."

Al'ada ce kawai, iska ake goyawa. Sai ya ji nauyi ya sauka a bayansa.

Kwaɗin suka yi tsit.

Hannuwa biyu, dogaye, masu sanyi, suka zagaye wuyansa. Warin kananzir ya cika masa hanci. Ya miƙe da ƙyar, ƙafafunsa suka kama gangara ba da izininsa ba.

Numfashi ya taɓa kunnensa.

"Ina ma ban haife ka ba."

Ya san jimlar nan. Inna ba ta taɓa faɗar ta ba. Shi ya ƙirƙire ta a kan teburinsa, ya goge sau uku kafin ta yi masa daɗi.

"Ke ba Inna ba ce," ya ce da raɗa.

"Haka ka gan ni. Kai ni gida."

Can a baya ya ji wani motsi. Ƙwas. Ƙwas. Takalmin katako, taku gajere, irin na mace ƙarama. Mai tafiyar tana ɗan rera waƙa ta hanci, irin wadda ake yi wajen wanke shinkafa. Shekara arba'in rabonsa da jin ta, sai yanzu ya tuna.

Ya juya. Wata 'yar tsohuwa na tsaye inda hasken fitila ya ƙare, hannunta a miƙe, tana jiran a ce ta hau.

Ya ɗaga fitilar don ya ga fuskarta.

Babu. Fara fat, kamar takardar da ba a rubuta komai a kanta ba.

"Inna, yi haƙuri..."

Hannuwan suka matse maƙogwaronsa.

Ƙafafunsa suka ci gaba.

Takun na baya yana nisa.

Ga rufin gida ya bayyana, ga wutar maraba da Fusae ta hura a ƙofa. Ya gane in ya tsallake wutar nan da abin da ke bayansa, abin ya zauna a gidan ke nan.

Ya wurgar da fitila, ya faɗa gona da baya. Laka ta rufe shi. Wani abu ya yi ƙara kamar an yaga littafi. Nauyin ya sake shi. Ya rarrafo ya fito, ya ruga.

Fusae na durƙushe gaban hoton iyayensu tana jera abincin tarbar matattu. Ya faɗi kusa da ita yana haki.

"Yaya, kin yi gaskiya. Ƙarya na yi mata. Don Allah gaya mini yadda take."

Fusae ta dafe bakinsa, idonta a kan ƙofa.

"Rage murya! Dubi lakar da ka shigo da ita. In ta gani mun shiga uku, ka san halinta."

Tun daga ranar Noboru bai sake buga littafi ba. Ya bi ƙauyen gida-gida yana tambayar tsofaffi labarin uwarsa. Kowa ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi shayi, ya tausaya masa a kan irin azabar da ya sha a hannunta. Babu wanda ya tuna wata Inna sai ta cikin littafin.