Igiyar da Tolik Ya Yanke

Da tsakar rana naƙuda ta kama yayata Kunnei, amma a garinmu na bakin teku rana ta yi makonni ba ta leƙo ba. Ina zaune a ɗakin girki ina zana mata yadda za a kafa fanfunan iska su ba garin nan wuta kyauta. Ban daɗe da gama jami'a a birnin Yakutsk ba, kaina cike da dabaru, duk wanda na kama sai ya sha bayani.

"Nurgun," ta ce, tana dafe da teburi, "ajiye fanfunanka ka ɗauko mini Goggo Fedora."

A waje purga ta fara, guguwar nan mai ɗibar ƙanƙara ta watsa wa mutum a ido har ya kasa ganin hannunsa. Mota ba ta fita. Sai igiya, wadda aka ja a kan turaku daga unguwarmu zuwa asibiti. Ka riƙe ta ka rayu, ka sake ta a tsince ka da bazara. In kun yi kiciɓis da wani, kowa ya sa baki a kunnen ɗan'uwansa ya faɗi sunansa, ku rungumi juna ku juya, don kada hannun kowa ya bar ta.

A da wayar ƙarfe ce. Bara wani ya sa zarto ya yanke tsakiyarta ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. A guguwar da ta biyo baya, tsoho Prokopi, mai hura wutar tukunyar da ke ɗumama gari, ya taso daga aiki ya bi waya har inda ta ƙare. An same shi kusa da ƙofar wani gida, a durƙushe, hannunsa a miƙe. Kowa ya san wanda ya yi yankan. Ba wanda ya faɗa wa ɗan sandanmu guda ɗaya, domin gari ƙarami ne, kuma jirgin ruwa ba ya zuwa sai ƙanƙarar teku ta narke.

Tolik ne, mijin yayata.

Na biya ta garejin da ke kusa da asibiti na tarar da shi da abokansa, kwalba a tsakiya, suna fere ɗanyen kifi daskararre suna dangwala gishiri.

"A'a, injiniya! Ka kawo mana wutar kyautar?"

"Matarka na kan gwiwa."

Ya miƙe yana tangaɗi. "Ku yi gaba, suruki. In ƙarasa wannan don lafiyar ɗana, ga ni nan a bayanku."

A asibiti, Goggo Fedora ungozoma ta saɓa jakarta tana mita. "Ita ma uwarku haka ta yi mini. Danginku ba sa haihuwa sai Allah ya yi fushi da gari. Wuce gaba, ƙato, ka tare mini iska."

Muka kama igiya.

Iska na kuka kamar ana yanka dabba. Na daina ƙirga turaku. Gashin idona ya manne, numfashina ya daskare a mayafin bakina. Can baya, sama-sama, iska ta kawo mana muryar Tolik yana waƙa. Ashe ya taso.

Sai igiyar ta motsa a hannuna.

Ba daga baya ba. Daga gaba. Ja, tsayawa. Ja, tsayawa. Tafiyar mai jan ƙafa.

Na ji wari. Kwal mai ci, da tsohuwar taba. A sanyin da ko man fetur ba ya wari.

Hannuna ya ci karo da wani hannu. Babu safar hannu a jikinsa. Tauri kamar icce.

Na yi abin da aka koya mini tun ina yaro. Na kai bakina inda kunnensa yake.

"Nurgun ne, ɗan Varvara."

Ya rungume ni. Rigarsa ta yi ƙara kamar ana taka gilashi. Ya sa bakinsa a kunnena, kuma babu ɗumin numfashi ko kaɗan.

"Ina sauranta?"

"Sauran me, Baba?"

"Na bi ta. Ta ƙare."

Na san muryar. Ita ce ke korarmu daga bakin tukunya muna yara.

Ya kama hannuna na hagu, ya zare safar a hankali, kamar uwa na tuɓe wa ɗanta. Ya buɗe tafin. Ya kai hancinsa. Na ji sanyi ya shiga yatsuna, ya bi ƙashi, ya nufi ƙirji.

Ya daɗe yana shinshinawa.

"Ba kai ba ne."

Ya juya da ni, ya sake ni. Na ji ya isa ga Goggo Fedora. Na ji tana faɗin sunanta da na ubanta.

"Prokopi," ta ce, "ni na wanke gawarka. Ka bar ni in wuce, haihuwa zan karɓa."

Igiya ta sake motsi. Ja, tsayawa. Ya yi bayanmu.

Waƙar Tolik na matsowa.

Na buɗe baki na ƙwala masa kira. Iska ta mayar mini da shi cikin maƙogwaro. Na juya zan koma, Goggo ta tokare ni da jakarta, ta cafki wuyan rigata ta jawo kunnena.

"Rai biyu a gaba, ɗaya a baya. Kai ne ka yi jami'a."

"Goggo, mijinta ne."

"In ka saki igiyar nan, ni ban san hanya ba. Tafi!"

Na tafi.

Waƙar ta kai tsakiyar baiti ta tsaya.

Igiyar ta yi wata irin girgiza, sau ɗaya, har turken da ke kusa da ni ya yi ƙara. Daga nan ta lafa.

Ban san yadda muka kai ƙofa ba. Na dai tuna Goggo na dukan ta da ƙafa tana zagin maƙwabta, na tuna warin albasa a matakala, da ihun Kunnei daga sama. Cibiya ta naɗe wuyan jaririyar. Goggo ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da gawa biyu za a fitar. Mace ce, ta zo da kuka mai ƙarfi.

Da guguwa ta kwanta aka sami Tolik a tsakiyar hanya, a durƙushe. Igiya lafiyarta ƙalau, tana kusa da kansa. Hannayensa biyu a buɗe, babu safa. An tarar da safar a aljihunsa, a ninke. Ɗan sanda ya rubuta cewa giya ce. Ni kuma likita ya cire mini yatsu biyu na hagu.

Ban gaya wa Kunnei komai ba. Ranar da na dawo daga asibiti na same ta tsaye a kan sabon gadon jaririyar, mai fenti shuɗi, wanda aka kawo a jirgin ƙarshe. Ta dubi bandejin hannuna ta daɗe.

"Ya tambayi gidan nan?" ta ce a hankali.

"Wa?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Goggo ta faɗa mini." Ta shafa katakon. "Da kuɗin wayar aka sayi wannan. Na sani tun ranar, na yi shiru."

A yammacin nan muka ja gadon zuwa bakin teku, ni da hannu ɗaya, ita da ɗanyen jiki, muka zuba masa fetur, muka cinna masa wuta. Yarinyar a akwatin kifi take kwana yanzu. Duk ranar da iska ta tashi, uwarta takan ɗauke ta, ta buɗe ɗan tafin hannunta ta shinshina.