Ambulan Ɗin da Baba Ya Bari

"Mama, don Allah ki saurare ni..."

"Na gama magana, Auta. Wanda mahaifinki ya ƙi, ba ni zan karɓe shi ba bayan ƙasa ta rufe masa ido."

Wata biyu ke nan da rasuwar Baba. Shekara talatin ya yi yana aiki a gidan waya, ya bar mana gida da kundi bakwai cike da kan sarki na ƙasashe daban-daban, da ya fara tarawa tun yana saurayi. Dogo kuwa, malamin makarantar da nake so, sau ɗaya ya zo gaishe shi. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai yi masa ba, bai kuma faɗi dalili ba har ya kwanta ciwo.

Yaya ne ya ce a nemi wanda zai yi wa kundayen kuɗi kafin a raba gado, ya ɗora mini aikin. Dogo ya binciko wani tsoho da ya san harkar, ya raka ni ba da sanin Mama ba.

Shagon yana hawa na uku a wani tsohon bene. Rana tsaka ce, amma tagogi a rufe suke, fitila ɗaya ke ci a kan tebur. Wani irin sanyi ya ratsa ni tun daga bakin ƙofa.

"Kun makara," in ji tsohon. "Tun Alhamis nake jiranku."

"Ranka ya daɗe, ai ba mu yi alkawari da kai ba," Dogo ya ce.

Tsohon ya karɓi kundayen. Ya ɗauki hantsaki da gilashin ƙara girma, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya.

"Mai wannan ya so abinsa," ya ce daga ƙarshe. "Sai dai yawancinsu an buga su barkatai, ba za su yi wani kuɗi ba. Guda ɗaya ne mai daraja, ga gurbinsa nan babu komai."

"Sace shi aka yi?"

"Mai shi ne ya cire. Makon jiya ya kawo mini."

Na dube shi da kyau. "Malam, mahaifina ya rasu wata biyu da suka wuce..."

"Gajere ne, yana jan ƙafar hagu? Idan zai yi magana sai ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu?" Ya nuna ni da hantsakin. "A kan kujerar nan ya zauna."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ki nutsu, hasken idona, ina nan," Dogo ya ce.

Tsohon ya jawo durowa ya miƙo mini ambulan. A kusurwarta akwai ƙaramin kan sarki shuɗi, da hoton tsuntsu an buga shi a kife.

"Kuskuren maɗaba'a ne, kaɗan suka rage. Shi kaɗai zai sayi gida. Mai shi ya ce 'yarsa za ta zo tare da wani dogo, in ba ta hannu da hannu."

Rubutun Baba ne, ko a cikin dubu zan gane shi.

"Auta, yaron nan ba shi da aibu. Tsoro na ji ya ɗauke ki gidan ya yi mini faɗi. Son kai ne, ki yafe mini. Ki gaya wa mahaifiyarki na amince. Kundayen na yayanki ne, wannan ɗayan naki."

Da na koma gida, sau uku Mama ta karanta takardar. Da ta ɗaga babban yatsanta, sai ga tawada ta kama shi, kamar yau aka rubuta. Ta daɗe tana kallon yatsan.

"Ina Dogon yake?"

"Yana waje, Mama..."

"Kin bar ɗan mutane a rana? Shigo da shi."

Yaya bai yi musu ba, ya ce abin da Baba ya bayar ya bayu. Aka sa ranar aure. Ana saura mako guda Mama ta ce in kai ta shagon. Ta hau matakalar tana hutawa, ta tsaya a gaban tsohon, ko gaisuwa ba ta iya gamawa ba.

"Malam, da ya zo... ya rame?"

"Garau yake, baiwar Allah. Ya ce idan kin zo in gaya miki ki daina barin masa ƙofar ɗaki a buɗe. Ki rufe, ki riƙa samun barci."

Ni da nake gida ɗaya da ita ban taɓa sanin tana yin haka ba. Mama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, na rasa kuka take ko dariya.

"Haka yake," ta ce tana share ido. "Har yanzu sai ya yi mini faɗa."